Matambayi ba ya ɓata: mutum-mutumin tagullar Faransa da ke yawo a Haraj ɗin Jidda

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da nayi maganar tsofaffin agoguna a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma abin mamaki da yawa ba ma a kan agogon suke ba, a kan 'yan mutum-mutumin nan ne na ƙarfe da ake tsinta cikin afash, wato kayan ɗaki, idan masu kuɗi sun tashi daga filla ko an zo rabon gado. Na tsamo guda biyar. Wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri, edita shafi biyu ya bani ba uku ba.

TAMBAYA: Salam Malam ya aiki ya zafi. Ni ɗan gwanjo ne a kasuwar Haraj Sawarik shekara tara kenan ina sayen tsohon afash ina sayarwa. Satin da ya wuce wani mai gadi ya kirani wata filla da magada zasu rushe mukayi cinikin kayan duka a dunƙule, da muka zo sauke dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya, sai naga wani mutum-mutumi a naɗe cikin bargo tsayinsa zai kai kamu ɗaya da rabi ga nauyi kamar me, wani saurayi ne tsirara ya tsaya da ƙafa ɗaya yana nuna sama da yatsa, hularsa da fukafukai duga-dugansa ma da fukafukai, ɗaya hannun kuma sanda ce macizai biyu sun nannaɗe ta. A gefen gindin an rubuta F. BARBEDIENNE FONDEUR sannan akwai ɗan hatimi zagayayye da kan mutum a ciki. Wani yayi min tayin riyal 400 naƙi, da yamma ya dawo yace 900, shine jikina ya bani akwai wani abu. Abokina kuma yace gunkin Fir'auna ne in kai sikrab a auna kilo in rabu da bala'i. Dan Allah menene wannan abu?
Daga ɗan gwanjo, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya bada kasuwa. Da farko ka gaya wa abokinka Fir'auna bai san da zaman wannan yaro ba. Sunansa Merkuri, a tatsuniyoyin Rumawan da shine ɗan aiken allolinsu shi yasa fukafukai a ƙafa da hula, Girkawa kuma Hermes suke ce masa. Abin dariyar ma, a wajensu shine uban gidan 'yan kasuwa da matafiya da ɓarayi, duka ukun a hannun mutum ɗaya, kaga ashe bai yi ɓatan kai ba da ya faɗo Haraj. Tauraron da Larabawa ke kira Uɗarid da sunansa Turawa ke kiransa, ranar Laraba ma a Faransanci sunansa taci.

Ka leƙa ƙarƙashin ƙafar da ya tsaya da ita, in ba a cire ba zaka ga wani kai ya kumbura kumatu yana hura iska, a kan iskar yake tsaye. Wannan tsayuwa ba Bafaranshen ƙarni na 19 ne ya ƙirƙiro ta ba. Wani gwani ne da ake kira Giambologna, Faransawa na ce masa Jean de Bologne, haifaffen garin Douai amma a Florence ta Italiya yayi rayuwarsa, shi ya zuba na asalin wajen 1580 kuma har gobe yana gidan tarihin Bargello a can. Naka kwafi ne. Amma kar ranka ya ɓaci da kalmar, domin duk kasuwar nan a kan kwafi aka ginata, kuma kwafi ma suna suka tara.

Ga yadda akayi. Ferdinand Barbedienne da kaga sunansa ba masassaƙi bane, asalinsa takardar liƙawa a bango yake sayarwa a Paris. Sai ya haɗu da wani injiniya Achille Collas wanda a 1836 ya ƙera wata na'ura mai dogon hannu, baki ɗaya yana bin jikin babban mutum-mutumi a hankali kamar makaho na lalube, ɗaya bakin kuma yana sassaƙa irinsa sak amma ƙarami a jikin filasta. A 1838 suka haɗa jari. Abin da suka fara ragewa shine matar nan mara hannuwa, Venus ta Milo, wadda aka tono a wani tsibirin Girka a 1820 aka kai gidan tarihin Louvre. Kan mutumin da ka gani cikin hatimin nan kan Collas ne, in ka sa tabarau zaka ga an zagaye shi da RÉDUCTION MÉCANIQUE A. COLLAS BREVETÉ, ma'ana an rage girman ne da injin Collas mai rajista.

To su waye masu saye? Ba sarakuna ba. Lokacin likitoci da lauyoyi da masu kantuna sun fara kama kuɗi a Faransa, kowa na so baƙo ya shigo falo yaga alamar shima yayi boko ya san tarihin Girka da Rum. Sai a jera a saman murhun ɗumama ɗaki, agogo a tsakiya, madorin kyandir dama da hagu, ga ɗan Merkuri ko Diyana a gefe. Wallahi ni in na tuna abin jeren iyayenmu mata yake tuna min, samira da tangaran a kabet, ba don a ci tuwo a ciki ba sai don 'yan ganin ɗaki. Har littafin kaya kamfanin ke bugawa, mutum-mutumi ɗaya girma iri-iri kowanne da farashinsa, ka zaɓa daidai aljihunka kamar kana sayen takalmi. Ma'aikata ɗaruruwa ne a masana'antar. Kuma ba su kaɗai bane, akwai Susse Frères, akwai Thiébaut, duk wannan sana'ar suke.

Zubin ma ba irin wanda muka sani bane. Mutanen Ife da Bini da kakin zuma suke yi, a gina siffa da kaki a lulluɓe da yumɓu a narkar da kakin ya fita a zuba tagulla a gurbinsa, kowane zubi sai an fasa ma'ajin. Faransawan ƙarni na 19 yawanci da yashi suke yi, wani lallausan yashi mai danƙo da ake dannawa a jikin samfurin cikin akwati, samfurin na nan ba abin da ya same shi gobe a sake. Shi yasa ake zuba abin gunduwa-gunduwa, gangar jiki daban hannu daban sanda daban, sai a haɗa da ƙusa da noti. Daga nan sai ya shiga hannun mai gyaran fuska, mutum ne da 'yan ƙananan kurfi da guduma zai zauna kwana da kwanaki yana fitar da gashi ɗaiɗai da farce da gashin fukafuki yana ɓatar da layin haɗi. A nan kuɗin yake Alhaji. Tagulla kowa na iya narkawa.

Yanzu abin da zakayi, shimfiɗa bargon nan ka kwantar dashi ka juya gindinsa sama. Duk gaskiyar waɗannan kaya a gindi take, fuska kwalliya ce. Ka samu wuri a ciki inda ido baya gani ka ɗan karta da bakin makulli, in kaga ruwan ɗorawa ko ja-ja to tagulla ce, in kaga fari kamar azurfa to tutiya ce aka shafa wa launi. Ka kara mayen ƙarfe, in ya kama baƙin ƙarfe ne. Ka ɗan ƙwanƙwasa da zobe, tagulla tana amsawa da ƙara mai tsawo. Ka duba notin da ya riƙe shi da dutsen gindin, na da sau da yawa mai kusurwa huɗu ne kuma ya dafe, in kaga sabon noti fes mai ƙyalli irin na shagon kayan gini to ko dai an taɓa kwance shi ko kuma jiya aka haife shi. Sai rubutun kansa. Na gaske haruffan a tsaye suke da kaifi. Masu jabu abin da sukeyi shine su samu na gaske su ɗauki zubi a jikinsa har da sunan har da hatimin, sai komai ya fito a dakushe kamar sabulun da aka fara wanka dashi, gashin kai ya zama curi, yatsu su manne, kuma ya ɗan fi na asalin ƙanƙanta saboda tagulla tana tsukewa in ta huce. Irin waɗannan sun cika duniya kuma da yawa sun shigo nan lokacin da kuɗin mai ya fashe a shekarun 1970 kowa na cika falo da kujeru masu ruwan zinare.

Ko da na gasken ne, sunan kaɗai baya nuna shekara. Barbedienne ya mutu 1892 amma wani ɗan'uwansa Gustave Leblanc yaci gaba da kamfanin, sai 1954 aka rufe.

Batun sikrab kuwa, ta fuskar kasuwa asara ce tsagwaronta, mai kilo ba ruwansa da kwanakin da wani ya ɓata yana fitar da farce. Su kansu Faransawan sun ɗanɗana, a 1941 gwamnatin Faransa ta lokacin, wadda ake kira Vichy, tayi doka aka bi dandali-dandali ana kwashe mutum-mutumin tagulla ana narkarwa lokacin mamayar Jamus, har yau akwai gindinan dutse da suke tsaye ba kowa a kai. Ni bana yanke wa kaya kuɗi a jarida sai na ɗaga da hannuna. Abin da zan gaya maka shine wanda ya tashi daga 400 zuwa 900 tsakanin hantsi da la'asar yaga hatimin nan kafin kai. Ka ɗauki hoto mai kyau ka nuna wa masu antika biyu ko uku waɗanda basu san juna ba, ka sa yaro ya bincika maka a intanet nawa irinsa mai wannan tsayin ya tashi a gwanjon Drouot na Paris, farashin da aka sayar ba wanda aka sa ba. Amma kar ka fara cigiyar fili a Kano tukuna, Merkurin nan yana cikin waɗanda aka fi zubawa a duniya, ba abu ne mai wuyar samu ba.

TAMBAYA: Malam dan girman Allah ka taimakeni. Ina aiki a wani gida a Riyad madam tayi tafiya tace in gyara majalis kafin ta dawo, akwai wata mace ta ƙarfe a kan tebur da ɗan wata a goshinta da barewa a gefenta tayi baƙi ƙirin, ni kuma nace bari in burge ta sai na samu lemon tsami da gishiri da soson ƙarfe na fara dirza kamar yadda muke wa tukunya, yanzu ƙafa ɗaya da rabin zanin sunyi jawur suna ƙyalli sauran kuma baƙi, sai direban gidan yace na ɓata abu mai tsada. In ƙarasa gogewa ne yayi daidai ko yaya zanyi? Saura kwana shida ta dawo bana iya barci.
Daga wata 'yar'uwa, Riyad.

AMSA: Ƙanwata ajiye soson nan tukuna. Kar ki ƙara ko dirza ɗaya.

Baƙin da kika gani ba datti bane, da gangan akayi shi. In an gama zuba tagulla jawur take fitowa kamar yadda kika gani yanzu, sai a miƙa wa wani ma'aikaci wanda aikinsa kenan, ya riƙa gasa ta da wuta yana shafa ruwan magunguna da burushi har ta koma ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi ko kore, sannan a bi da kaki. Shekaru kuma su ɗora nasu a kai. Masu saye wannan fatar suke fara dubawa. Ba ke kaɗai bace, ni kaina ina yaro ina aiki a shagon wani dattijo a cikin Balad, tsohon garin Jidda, na taɓa samun wani ɗan dokin tagulla na goge shi tas da man goge ƙarfe ina jiran a yaba min, da tsohon ya shigo bai ce min komai ba, zama yayi a kan kujera ya riƙe kai, wallahi da duka yayi min da yafi min sauƙi.

Matar sunanta Diyana, mafarauciya ce a tatsuniyar Rumawa kuma suna haɗa ta da wata, shi yasa jinjirin watan a goshi. In hannunta ɗaya ya kai baya kan kafaɗa zata zaro kibiya ɗayan kuma yana kan barewar, to kwafin wadda ake kira Diyanar Versailles ce, ta dutse ce babba tana Louvre, an rage ta an zuba da tagulla ba adadi.

Yanzu ki samu tsumma mai laushi ki jiƙa da ruwan kwalba ki goge inda lemon da gishirin suka taɓa sosai, ki sake da wani tsumman, domin gishiri shine babban makiyin tagulla, in ya maƙale a lungu bayan wata biyu zaki ga wani koren gari yana tsatsowa yana cin ƙarfen. Mu nan Jidda ma da iskar teku ba sai an sa gishiri ba yake fitowa. Ki busar da ita sarai ko da na'urar busar da gashi ce daga nesa. Shikenan ki barta. Kar ki shafa kiwi kar ki fesa fenti, naga wanda yayi haka abin ya zama goma sha ɗaya. Ana iya mayar da launin, masu gyaran antika suna yi, ba zai zama na da ba amma ido ba zai tsaya a kai ba.

Shawarata ki tura wa madam hoto tun kafin ta dawo ki faɗa mata yadda akayi, niyyar gyara ce ta kawo. Ta ji daga bakinki yafi ta ji daga bakin direba. Kuma mai yiwuwa ma in an juya gindin a tarar ba tsohuwa bace. Nan gaba kuma irin waɗannan kaya burushi mai laushi da busasshen tsumma sun ishe su. Allah ya sanyaya zuciyarta.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Kakana ya bar wani agogon tebur mai ruwan zinare, a samansa akwai yarinya mai fukafukan malam-buɗe-littafi da wani yaro mai fukafukai da baka. Wasu mutane sunzo har gida sunce irin wannan agogon akwai jan zaiba a ciki wai ana kiran aljanu da ita, zasu bada kuɗi masu yawa amma sai na fara biyan kuɗin gwaji. Gaskiya ne akwai?
Daga wani matashi, Shara Mansur, Makka.

AMSA: Ɗana, duk cinikin da mai saye zai ce kai mai kaya ka fara bashi kuɗi ai ka san inda aka dosa. Babu wani abu wai shi jan zaiba mai kiran aljanu. Waɗanda suke nan a 2009 zasu tuna yadda ƙasar nan ta rikice a kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, aka ce akwai ita a ciki, mutane na kara waya a jikin allura wai in sabis ya ɗauke to akwai, har shagunan teloli aka fasa, ƙarshe ba wanda ya fito da ko ɗigo. Tatsuniyar ce ta canja riga ta koma kan agogo.

Amma ka ga wani abu, zaiba ta gaskiya, farar nan mai gudu, tana da alaƙa da agogon kakanka ta wata hanyar. A da in za'a yi wa tagulla ruwan zinare sai a kwaɓa zinaren da zaiba ya zama kamar man shanu a shafa a jikin kayan a sa a wuta, zaibar ta tashi ta bi iska zinaren ya zauna daram. Hayaƙin nan guba ne, masu wannan aiki a Paris da yawa sun ƙare da karkarwar jiki da zubewar haƙora. Daga baya aka samo hanyar yi da lantarki, kamfanin Christofle ya sayi haƙƙin a 1842, sai tsohuwar hanyar ta riƙa ja baya. Kaga zaibar tuni ta tafi, a ƙirjin wani talaka ta ƙare shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Kuma Turawa da sunan Merkurin can na tambayar farko suke kiran zaiba saboda rashin zamanta wuri ɗaya.

Yarinyar sunanta Psyche, yaron kuma Cupid mai harbin mutane da kibiyar soyayya. Labarin wai yana zuwa mata ne cikin duhu ya hana ta ganin fuskarsa, 'yan'uwanta suka zuga ta ta kunna fitila yana barci, ɗigon mai ya faɗa masa a kafaɗa ya farka ya gudu, ta sha wahalar duniya kafin ta same shi. Da kakarka taji da cewa zatayi ai wannan tamu ce, domin muma muna da irinta a gizo da ƙoƙi, miji mai sharaɗi da 'yan'uwa masu zuga. Faransawa sun so wannan labari a kan agogon ɗakin kwana ƙwarai.

Buɗe murfin bayan ka haska da fitilar waya. A jikin farantin injin sau da yawa akwai ɗan hatimi, Japy Frères ko Vincenti ko S. Marti, da shekarar da suka ci lambar yabo a baje koli. Shekarar nan ba ranar haihuwar agogon bace, tana nuna dai bai riga ta ba, in kaga 1855 to daga nan zuwa sama ne. In kuma kaga abin lilon a rataye da zaren siliki to ya tsufa sosai, wannan salon farkon ƙarni na 19 ne. Kar ka bari kowa ya kwance shi da sunan gwaji, kuma mutanen nan in sun dawo kace ka fasa.

TAMBAYA: Malam nawa an rubuta Moreau a jiki, mace ce da tulu, hannun ya karye naga cikin fari ne toka-toka. Mai walda zai iya haɗawa?
Daga Madina.

AMSA: Kar ka kai wa mai walda, narkewa zatayi a gabanka. Wannan tutiya ce ko wani haɗin kuza da dalma da Faransawa ke kira régule, tagullar talaka kenan, ana zubawa da araha a shafa mata launi. Moreau kuma gida ne guda na masassaƙa, akwai Mathurin wanda ya rayu 1822 zuwa 1912 shine babbansu a suna, akwai Auguste akwai Hippolyte da 'ya'yansu, kuma sunansu na cikin waɗanda aka fi bugawa a kan kayan da basu taɓa gani ba. Gam mai ƙarfi irin mai haɗi biyu ya isa. Kuɗinta kaɗan ne ko da lafiyarta ƙalau.

TAMBAYA: Malam ni tambayata biyu ce. Waɗannan abubuwa da kake ta bayani ba gumaka bane da ake bautawa? Ya halatta musulmi ya ajiye ko yaci kuɗinsu? Sannan me yasa duk tsirara suke, su Turawan da basu da kunya ne?
Daga wani dattijo, Karantina, Jidda.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, tambayarka tana kan hanya kuma na san da yawa ita ce a ransu.

Ta ɓangaren tarihi, wanda ya zuba su da wanda ya saya a Paris ba mai bauta musu. Bautar allolin Rum ta mutu tun da daɗewa, sarki Theodosius ya haramta ta wajen shekara ta 391, kaga tsakaninta da Barbedienne shekara dubu da ɗari huɗu da ɗoriya. A ƙarni na 19 sun zama kamar haruffa ne, in ana son a ce kasuwanci sai a sa Merkuri a ƙofar banki, in ana son a ce ƙarfi sai Herkul. Babbar matar nan mai riƙe da tocila a bakin ruwan New York ma daga cikinsu take, Libertas ce ta Rumawa, Bafaranshe Bartholdi ya tsara ta aka buɗe a 1886, kuma kafin nan sai da ya kai wa Khedive Isma'il mai mulkin Masar tayin wata irinta a bakin mashigin Suez ba'a ɗauka ba. Ta New York ɗin dai ba zubi bace, fallayen jan ƙarfe ne aka bubbuga aka ɗora a kan ƙarangar ƙarfe.

Tsiraicin kuma wata dabara ce tasu. A lokacin in ka sassaƙa matar unguwa ba kaya za'a yi maka ca, amma in ka ɗora mata jinjirin wata kace Diyana ce sai a ce ilimi ne a baka lambar yabo. Su ma ba duka suka yarda ba, a 1869 da masassaƙi Carpeaux ya kafa wasu masu rawa tsirara a gaban gidan Opera na Paris cikin dare wani ya je ya watsa musu kwalbar tawada. Kuma ba duka ne na batsa ba, Antoine-Louis Barye wanda ni a ganina ya fi su duka hannu, dabbobi ne aikinsa, a gidan namun dajin Paris yake wuni yana zana zakuna, in ya taɓa tatsuniya ma faɗa yake nunawa kamar Theseus yana kokawa da mutum mai kan bijimi.

Ta ɓangaren hukunci kuwa Baba, wannan fili na tarihi ne da sanin kaya, fatawa tana da masu ita kuma kuna zagaye dasu a nan. Abin da yake sananne shine hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim, cewa a shekarar buɗe Makka Manzon Allah (SAW) ya haramta sayar da giya da mushe da alade da gumaka, da kuma hadisin da Mala'ika Jibrilu yace a cire kan mutum-mutumin da ke cikin gida ya koma kamar bishiya. Mafi yawan malamai a kan hana ajiye cikakkiyar siffar mai rai suke ko da ba'a bauta mata. Ko a bakin tekun Hamra da aka jera ayyukan masassaƙan Turai su Henry Moore da Miró zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, in ka lura yawancinsu ba fuska ba ido. Saboda haka abin da na gaya wa Alhaji na Haraj cewa sikrab asara ce, lissafin kasuwa nayi masa, in yaje ya tambayi malaminsa ya zaɓi ya bi ta can ba zan ce yayi wauta ba. Mai agogo kuma ya tambaya ko cire 'yan siffofin saman ya wadatar, domin yawanci da noti aka ɗaura su ta ciki, suna kwantuwa ba tare da an taɓa injin ba.

Masu turo hotuna dan Allah, kusan duk wanda ya turo fuskar kawai yake ɗauka, wani ma da filashi har ba'a ganin komai. Ku fita dashi tsakar gida da safe, ku ɗauki gaba da baya, ku matso kusa da rubutun, ku kwantar ku ɗauki cikin gindin da notin, sannan ku ajiye kwalbar ruwa a gefe in gane tsayinsa. Wata mai zuwa in Allah ya kaimu zamu taɓa dalla, wato butar gahawa, da tambarin da ake bugawa a jikinta, wanda yake da ita a gida ya fara turowa.